Yaya Ladan da nisan da ya auna daga sama

Bana shekara ashirin da rasuwar yayana, Malam Ladan. 'Ya'yansa sun ce in rubuta wani abu a kansa, tunda ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Sun yi zaton yabo zan yi.

Shekarun farko bayan samun 'yancin kai, Yaya yana cikin samarin da suka gaji kujerun Turawa. Wata rana masu safiyo suka ɗauke shi a ƙaramin jirginsu, ya leƙo ƙasarmu ta taga. Sau ɗaya ne tak, amma har ya mutu bai sauko daga jirgin nan ba. Ko zancen gishiri ake yi sai ya kawo shi.

A lokacin ake shawarar gina asibitin sha-ka-tafi. Kuɗin na guda ɗaya ne, ƙauyuka biyu ke so: namu da ke bayan Janfalan, da wani can wajen Gubuchi. Yaya yana cikin masu yanke magana. Don kada a ce ya ja wa garinsu, ya ce a kai can.

Har gida na same shi. Na ce, "Yaya, ka manta da rafin nan da ke tsakaninmu da su in ya kawo?"

Ya yi dariya ya ce, "Talatu, daga sama na gani. Kafin in gyara hulata mun wuce garin biyu. Ba nisa."

Da rani ya shiga jirgin, lokacin da ba komai a rafin sai yashi zalla. Mu kuwa da ƙafa da jaki muke tafiya.

Damina ta biyu bayan haka, maciji ya sari ɗana Habu a gonar dawa. Muka ɗora shi a jaki da hantsi. Muka tarar rafi ya cika ya batse, ba mai shiga. Dole muka zaga ta hanyar Makarfi. Ina riƙe da ƙafarsa tana kumbura a hannuna, yana ce mini, "Inna, mun kusa?" Ina ce masa mun kusa, domin haka kawunsa ya faɗa. Rufin kwanon asibitin muke hange lokacin da ya daina tambaya.

Yaya ya zo gaisuwa da motar ofis, ya ce ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, ba shi zai koya mini ba. Abin da nake jira ya ce, "Na yi kuskure," bai taɓa faɗa ba, kuma na tsane shi a kan haka shekara da shekaru.

Da yana raye yau, ya ga jikokinsa suna duba nisan gari a waya, da ya ce ai shi ya riga su. Rafin kuwa yana nan, har yanzu ba gada.

Yanzu an gina ɗakin shan magani a garinmu. Babban ɗan Yaya ya zo ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, so muke a sa sunan Baba."

Ban hana Yaya alherinsa ba. Bai ci kuɗin kowa ba, ya sa yara da yawa a makaranta, kuma ina roƙa masa gafara bayan kowace sallah. Amma na ce wa yaron, in suna suke nema, akwai wanda ya taka hanyar nan da ransa. Su rubuta Habu.