Bakin rijiyarmu

Shekarun baya, lokacin da jiharmu ta Kebbi ke sabuwa, aka fara gyaran titin da ya ratsa Yelwa, ana jera masa dogayen bulon kankare a gefe. A shekarar ce 'yata ta fari ta fara tafiya, ni kuma hankalina ya bar jikina. Rijiyar gidanmu ba ta da baki, rami ne kawai da tsohon kwano a kife, ga ruwa kusa kamar ka miƙa hannu. Ko tuwo nake tuƙawa, idona na kan rijiya. Har ɗaure ta na riƙa yi da ɗankwali a ƙafata kamar ɗan akuya.

Mijina gyaran kwalekwale yake yi a bakin ruwa. Ya taimaki masu aikin titin da jigilar yashi, sai suka bar masa bulo goma da suka ɗan gutsure. Ya kawo su a amalanke yana fara'a, ya ce an gama da zancen rijiya. Sai dai sun yi tsawo, ba za su zagaye rami ba sai an raba kowanne biyu.

Shi kuwa katako ya sani. Ya ɗauko zartonsa, ya goga, ya goga, haƙoran suka kwanta, bulo ko a jikinsa. Sai ya jiƙa guda biyu a ruwa kwana biyu, wai su yi laushi yadda katako ke yi. Inna, mahaifiyarsa, ta leƙa ta ce, "In sun jiƙu ka kira ni in dama muna fura da su."

Rana ta uku ya aro babbar guduma. Duka ɗaya bulo ya tarwatse, tsini ko'ina. Na biyu ma haka. Saura takwas, kuma na ƙirga da tafin ƙafa, in aka sake rasa ɗaya rijiya ba za ta rufu ba. Abokinsa ya ce akwai inji mai faifai da ke yanka kankare kamar sabulu, a nemi aro. Ni kuwa ban so ba. Na ga mai riƙe da injin nan a titi, fari fat da ƙura yana tari, ga 'yata da ƙirjinta ke kuka tun haihuwa.

Amma na ga wani abu kuma. Duk ranar awon yara, layinmu na asibiti yakan fito har bakin titi, kuma akwai wani dattijon birkila da nake kallo don in rage tunani. Ba ya taɓa inji. Yakan ja layi da gawayi, ya kwantar da bulon a kan yashi, ya bi layin da kurfi mai faɗin baki da 'yar ƙaramar guduma, ƙwas-ƙwas, a duk fuska huɗu. Sannan ya yi duka ɗaya, bulo ya rabu kamar an yanka rogo.

Kunya ta hana ni gaya wa mijina. Ni da ko firamare ban gama ba? Inna na samu a ɗaki, na faɗa mata.

"To mi kike jira? Ai haka muke koɗa dutsen niƙa, da lallashi. Ɗauko mayafinki."

Muka tafi wurin maƙeri a kasuwa. Ya miƙo mana kurfi mai tsini. Na girgiza kai, na nuna masa faɗin yatsuna uku.

"Inna, sarakkuwar taki birkila ce?"

"Ɗiyata ce, kuma ta fi ɗana ido. Ƙera mata abin da ta ce."

Da mijina ya dawo, Inna ta ajiye kurfin a gabansa. "Wanga za ka gwada, kuma ka aje waccan gudumar kafin ka rushe muna gida." Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ni na ja layin da gawayi. Ya fara bugawa da ƙarfi, na ce a hankali, "Maigida, kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar surukai." Ya yi dariya har ya saki guduma. Ya bi fuska huɗun, ya yi duka ɗaya. Bulo ya buɗe biyu, sumul. Duka takwas ɗin haka suka fita, aka kafa su a tsaye aka ɗaure da siminti, shi kuma ya yi wa rijiyar murfi da katakon kwalekwale. Wannan kam aikinsa ne, har yau bai ruɓe ba.

Ba zan ce na daina fargaba ba. Sati guda na ƙara ina ɗaure yarinyar, har Inna ta ɓoye ɗankwalin. Amma tun lokacin na daina raina abin da idona ya gani don kawai ban iya rubuta shi ba.

Yanzu 'yar tana aji uku, a bakin rijiyar take zama ta yi wankin allonta. In baƙi suka yaba aikin, mijina yakan ce, "Sai da lallashi, kankare ba katako ba ne." Ni dai sai in ci gaba da tankaɗe. Kurfin yana cikin kwallata, kuma duk mai son aro, wurina yake zuwa.