Amshin da Auta Ya Kashe

Damina biyu ke nan bayan rasuwar maigidana Malam, shekarar da aka sare durumin ƙofar gidanmu a Ƙofar Rini don a yi kwalbati. Korona ta riga ta wuce, an daina ɗaure baki da ƙyalle. A lokacin ne aka kawo yayata daga Dundaye a duba mata ido, ta sauka wurina.

Ni da ita mun yi daɓe tun muna 'yan mata. Kafin siminti, in an gina ɗaki mata ake tarawa, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, kowacce da madaɓinta, ana dukan ƙasa ana waƙa har ta kwanta. Yaya ke ba da waƙa, mu muna amshi. Ni ma ba baya ba ce, amshina har bayan katanga ana jin shi. Amma baitocin a kanta suke. Ni rabi na riƙe, rabin ma da gyara.

Autana, magidanci ne da 'ya'yansa har da furfura a gemu, yana da jita. Malam bai taɓa son ta ba, sai bayan ransa ta fito daga ƙarƙashin gado. Auta ya ce zai ɗauki waƙar a kwamfuta, yana kaɗa jita Yaya tana rerawa, kafin a mai da ita gida. Na yarda, don na san numfashinta ya rage. Da safe kawai take iya jan baiti, rana na ɗagawa sai tari.

Ya shimfiɗa mana tabarma a ɗakinsa. Waya ta fita daga jita ta shiga wani ɗan akwati, daga akwatin ta shiga kwamfuta. Ya kafa makirufo a gaban Yaya, ya kifa mata abin kunne, ya kifa nasa, ya taɓa tsirkiya. Sai ya ɓata fuska.

"Inna, saurara ki ji."

Na saurara. In ya taɓa sau ɗaya, sai a ji sau biyu: ɗaya nan take, ɗaya tana biyo ta a baya kamar mai ɗingishi. Hannunsa ya rasa wadda zai bi.

"To mi ne ne? Kaɗa hakanan."

"Ba ya kaɗuwa, Inna. Ba na ɗauka sai na gyara."

Haka muka yi ta zama. Ya cire waya ya mayar. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya sayo sabuwar waya. Wuta ta zo, wuta ta tafi. Ƙafafuna suka kumbura don zama, koko ya yi ta hucewa a kwano.

Wata safiya yana dannedannensa, Yaya ta gaji da jira, ta saki baiti don ta gwada maƙogwaro. Muryarta ta dawo mata a kunne, a makare. Ta karkata kai.

"Wa ke amsa mini?"

"Inna Babba, injin ne. Shi nake son kashewa."

"Na san injin ne, ɗan nema, ido ne ya mutu ba hankali ba. Amma wanga injin ya fi uwarka iya amshi."

"Allah ya shirye ki, Yaya," na ce.

Ta sake saki, ya dawo. Ta fara dukan tabarma da tafin hannu, na shiga da nawa amshin, sai ga mu kamar mata cike da ɗaki. Ta yi baitin amarya mai ƙyuya, ta yi na magini da ya bar katanga a karkace, ta yi wasu da rabona da su tun kafin in haifi na fari. Sai da tari ya tsai da ita na juya.

"Ka ɗauka?"

Bai ɗauka ba. Yana can yana neman inda ƙarar ke dawowa.

Ya gano matsalar ranar da za a zo ɗaukar Yaya. Ashe akwatin yana mai do da ƙara, kwamfutar ma tana mai do da tata a makare. Ya danna wani wuri, ya rufe ta kwamfutar. Jita ta fito tas, ita kaɗai. Har tafi ya yi.

Yaya ta saki baiti, ta dakata. Na amsa iya ƙarfina. Ta saki na biyu, ta sake dakatawa, sannan ta cire abin kunnen ta ajiye a cinya.

"Matan sun watse."

Auta ya ce bari ya mai do da amshin, abu ne na danna wuri ɗaya. Ya mai do. Amma rana ta riga ta ɗaga, tari ya kama ta, mai mota yana ta oda a waje. Baiti biyu muka samu, da jita mai kyau a ƙarƙashinsu. Ban yi masa faɗa ba, ba ni da ƙarfin faɗa ranar. Gero bai nuna ba aka aiko mana daga Dundaye cewa ta cika.

Cikin matan da muka durƙusa ɗaki ɗaya da madaɓi, saura ni, sai wata a bayan Hubbare da ba ta gane mutane yanzu, sai ƙanwar mijin Yaya da 'ya'yanta suka tafi da ita Gusau. An ce tana nan da ƙafarta.