Ƙugiyar Motar Delbert

Shekara talatin maƙwabcina Delbert Krause yana jan tirelar shanu da ƙatuwar akori-kura a nan Nebraska. Bana, wata huɗu da suka wuce, kwatsam ya sayar da motar, ya sayo matsakaiciya, wai gwiwa ta hana shi hawa doguwar mota. Ni dai ban yarda ba.

Ranar kasuwar shanu muna jingine da sabuwar motar, na sunkuya na shafa ƙugiyar da ake maƙala tirela. Fes take, ko ɗigon giris babu.

Na ce, "Delbert, wata huɗu ba ka ja komai ba. Ina shanun?"

Ya kau da kai. "Ka cika sa ido, tsoho."

Washegari na bi ta makiyayarsa. Komin shan ruwan ya bushe, har ciyawa ta tsiro a ciki.