Mamani Jimrau da Ƙuri'ar Cikin Hula

Mamani Jimrau mai ɗinkin guga ne. A bakin kasuwar Dakoro yake zama, ƙarƙashin rumfar kara, yana yanka tsohuwar robar cikin taya yana ɗinkewa, makiyaya su ɗauka su tafi rijiya. Na san shi tun ina tura amalanke da hannu, kafin in samu jaki. Ba mutum ne mai daɗin zama ba. Bai iya hira ba, kuma in ka kawo masa gugan da ka yaga da sakaci, zai gyara maka yana yi maka faɗa har ya gama. Amma ban taɓa jin ɗinkinsa ya warware cikin rijiya ba.

Yana saurayi ya tafi Arlit aikin ƙarfi. Ya dawo da ciwon ƙugu da ƙwallayen ƙarfe na wasan bul, waɗansu duk sun yi tsatsa. Shi ya koya wa unguwarmu wasan. Ana jefa ɗan ƙaramin ƙwallo na katako, bushon, sai kowane ɓangare na mutum uku ya yi ƙoƙarin kusantar da ƙarfensa gare shi. A cikin ukun akwai mai harbi, wanda aikinsa ya buge ƙarfen abokin gaba ya fitar da shi. Wanda ya fara kai maki goma sha uku ya ci. Da farko dariya aka yi masa, manyan mutane suna wasa da ƙarfe cikin ƙasa. Daga baya masu dariyar su ne ba sa tashi daga filin sai an kira magariba.

Gasar bayan kaka shi ya fara ta. Ni nake kawo tsakuwa da amalanke, shi ya baje da manjagara, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓe. Mutanen Kornaka suka fara zuwa, sai na Mai Yara, sai na Ɗan Gulbi. Kuma shi kaɗai yake shirya wa zai kara da wa. Zama yake yi gindin itacen bedi da ƴan duwatsu, dutse ɗaya ƙungiya ɗaya, yana matsar da su a ƙasa yana gunaguni. Ranar farko rukuni-rukuni ake yi, don kada wanda ya taso daga nesa ya buga sau ɗaya ya koma gida. Kashegari wanda aka ka da ya fita. Tsofaffi da sanyin safiya suke bugawa, masu dabbobi sai la'asar, bayan sun shayar. Ranar kasuwa ba a taɓa ta.

Akwai kuma abin da kowa ya sani, ba wanda yake faɗa. Mamani ba ya haɗa mutum da surukinsa. A nan, wanda ka auri ƴarsa ba ka kiran sunansa, ba ka cin abinci gabansa, in kun haɗu a hanya ka tuɓe takalmi ka durƙusa. To yaya za ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ka buge ƙarfensa gaban jama'a, ku sunkuya tare kuna gardamar wane ya fi kusa? Sai Mamani ya raba su, ɗaya wannan gefe, ɗaya wancan, yadda ba za su gamu ba sai a wasan ƙarshe, kuma tsofaffi ba sa kai can. Duk auren da aka ɗaura a garin nan da ƙauyuka, Mamani yana riƙe da shi a ka saboda wannan kawai. Bikin ma ba ya zuwa.

Da gasa ta yi suna sai aka kafa komite. Abdulhakim, mai sayar da magungunan dabbobi, ya zama perzidan, wato shugabanta. Ba mugu ba ne, mai son magana ne. Shi ya gayyato direbobin manyan motoci daga Burkina da fataken dabbobi daga Malanbil ta Benin, ya sa aka rubuta a farin ƙyalle cewa gasar ƙasa da ƙasa ce. Ya samo amsa-kuwwa. Tsakuwa dai ni na kawo, Mamani ya baje.

Baƙi sun iso da yamma, an sauke su, sun ci sun sha. Da safe aka taru gindin bedi, Mamani ya tsuguna yana nuna duwatsunsa: wannan da wannan a filin gabas, wancan sai la'asar. Jagoran mutanen Malanbil, wani dogo mai suna Yazidu, Bahaushe ne kamar mu, ya daɗe yana kallo. Sai ya tambaya wa ya zaɓi waɗannan duwatsu. Aka ce Mamani. Ya tambaya ko Mamani ɗan garin ne. Aka ce ƙwarai. Ya yi dariya, ya ce a duk inda ya buga, ƙuri'a ake jefawa kowa yana gani. Ya nuna duwatsu biyu da aka ajiye nesa da juna, ya ce an gaya masa dukansu na Dakoro ne, me ya sa aka raba su haka, in ba don su haɗu a ƙarshe kofi ya kwana gida ba?

Duwatsun nan biyu, ɗaya na ƙungiyar Issa ne, mahauci, wanda babu mai harbi kamarsa a yankin nan. Ɗayan na ƙungiyar Abarci ne, dattijon da Issa yake auren ƴarsa Kadija. Dukansu biyu suna tsaye a wurin, kowa ya juya fuska wani gefe.

Mamani ya ce haka ake yi a nan.

Yazidu ya ce, "Dattijo, haka ake yi ba amsa ba ce. In ba cuta a ciki, faɗi dalili mu ji."

Mamani ya dubi Abdulhakim. Na ga lokacin da ya dube shi. Shi ba zai buɗe baki ya ambaci surukuta da Abarci tsaye ba, don faɗin ma tozarci ne ga dattijon. Amma perzidan yana iya jan baƙo gefe ya raɗa masa kalma biyu, magana ta mutu. Abdulhakim ya san dalilin sarai, shi kansa shekara da shekaru Mamani yana raba shi da uban matarsa. Sai ya gyara murya, ya ɗauki amsa-kuwwa, ya ce baƙonmu ya yi gaskiya, zamani ya canza, daga yau tiraj, wato ƙuri'a, za a yi kamar yadda duniya take yi. Ya ƙara da cewa rukuni yana cin lokaci, wanda aka ka da ya fita kawai. Ƴan komite suka tafa. Babu ɗaya cikinsu da bai san abin da ke ƙarƙashin duwatsun nan ba.

Ban ga laifin Yazidu ba a ranar. Mutum ya kwana biyu a mota, yana da haƙƙin ya tambaya. Namu nake jin haushi, da suka bar baƙo ya kira dattijo macuci a filin da ya daɓe da hannunsa, don kada a ce su ƴan ƙauye ne.

Mamani ya share duwatsun da gefen ƙafa, ya koma ya zauna a kan amalankena. Aka rubuta sunaye, aka zuba cikin hular Abdulhakim. Ƙuri'a ta ba tsofaffin Kornaka tsakar rana. Ta ba masu shanun Mai Yara hantsi, lokacin da suke bakin rijiya, aka kira su babu kowa, aka ce sun fita. Ta kuma haɗa Issa da Abarci a zagayen farko. Abdulhakim ya sake karanta sunayen da ƙarfi, kamar ba a ji ba.

Issa ya shiga fili ba takalmi. Ya durƙusa ya gaida Abarci, dattijon ya amsa yana kallon bedi. Aka fara. Abarci ya ajiye ƙarfensa dab da bushon, irin wanda Issa yake bugewa ido rufe. Abokin wasansa Ɗangoggo ya ce masa ya harba. Issa ya gangara nasa a hankali, ya tsaya rabin hanya. Ɗangoggo ya tambaye shi ko hannun ya bari a mahauta. Da Abarci ya gane abin da ake yi masa, kunya ta kama shi, shi ma ya fara jefa nasa can gefe, har sau ɗaya ya bugi na abokinsa ya fitar. Wani daga cikin ƴan kallo ya ce yau ga wasan da kowa yake gudun ci. Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Maki yana tafiya ɗaya-ɗaya kamar ana cire ƙaya. Sauran filaye sun gama, masu jiran wannan fili suna tsaye cikin rana, direbobin Burkina suna tambaya da Faransanci me ke faruwa.

Sai bayan azahar ƙungiyar Abarci ta kai goma sha uku, ba da son ransa ba. Ya tattara ƙarafansa cikin buhu, ya ce bayansa ya riƙe, ya tafi gida. Da ya janye, waɗanda za su kara da shi suka wuce ba su jefa ko ɗaya ba, kuma ƙungiyar Abdulhakim ce.

Nan Yazidu ya tashi. Ya ce an hana su cuta ta ƙofa sun shigo ta taga: ɗan gari ya kwanta wa ɗan gari, ɗan gari ya janye wa perzidan. Ya nuna Mamani a kan amalanke, ya ce ga mai shirin can zaune, ya yi shiru kamar ba shi ba. Na sauko zan yi magana, Mamani ya riƙe mini riga. Ya ce in zauna, Issa yana nan, kada in ƙara masa kunya.

Jadawali ya riga ya wargaje. Wasan ƙarshe ya faɗa ranar kasuwa, aka buga shi gaban kujeru, ba ƴan kallo. Waɗansu baƙi daga Tahoua suka tafi da kofi.

Bayan mako komite ta kira taro. Aka gode wa Mamani da dogon jawabi, aka kira shi uban wasa, aka ce ya huta haka nan, shiri ya koma hannun matasa. Ba wanda ya ce ƙarya aka yi masa. Ya saurara har suka gama. Sai ya ce, "Abdulhakim, kalma biyu na nema gare ka ran nan. Yau ka ba ni ɗari." Ya ɗauki manjagararsa ya fita.

Gasar tana nan, ƙyallen ya ƙara faɗi. Amma duk mai ƴa a ɗakin ɗan wasa ya daina ba da sunansa, don ba mai son hula ta haɗa shi da mijin ƴarsa. Tsofaffin da suka fara wasan nan yanzu daga bayan igiya suke kallo. Abarci ko kallon ba ya zuwa. A ƙauyuka kuwa, inda labari yake isa rabi-rabi, har yau akwai masu cewa an cire Mamani ne don an kama shi yana murɗiya. Na ji da kunnena a kasuwar Kornaka, daga bakin mutumin da ke riƙe da gugan da Mamani ya ɗinka.

Da shekara ta zagayo Yazidu ya dawo. Ranar da aka gama gasa, da hantsi, ya zo rumfar Mamani ina nan ina sauke tsofaffin tayoyi. Ya tsuguna ya yi gaisuwa mai kyau. Ya ce mai masaukinsa ya warware masa komai, su ma a can suna kunyar surukai, da an gaya masa da bai ce uffan ba. Ya roƙi gafara. Ya tambaya me ya hana shi faɗa tun ranar.

Mamani bai ɗaga kai daga ɗinki ba. Ya ce, "Da mutumin tsaye gabana?"

Yazidu ya ce gaskiya ne.

Mamani ya ce ya yafe, wannan tsakaninsu ne. Amma a fili aka kira shi macuci, da amsa-kuwwa a kusa, kuma yanzu haka jama'a suna can ana shirin ba da kofi. In yana so ya gyara, ba sai ya ambaci kowa ba, ya je ya ce abin da ya faɗa bara ba haka ba ne.

Yazidu ya dubi hanyar fili, ya dubi hanyar tasha. Ya ce wallahi ya so, sai dai an gama lodin shanu, direba yana jiransa, amma in Allah ya kai mu baɗi zai faɗa gaban kowa. Mamani ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce da ni in matsar da tayoyin daga bakin rumfa, suna tare wa masu shigowa.