Murfin Butar Kawu

Wauta kam na yi ta: aji biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, sauran na ƙarasa bisa magarya. Jiya jikata ta nuna mani injin tururi cikin littafinta na tarihi, sai marigayi kawuna na Mayahi ya faɗo mani a rai.

Wata rana ina yaro, yana dafa shayi, murfin buta na rawa, hayaƙi na cin idona. Ya ce, "Wannan tururin Nasara suka ɗaure, yake ja masu jirgi. Amma cikin wuta ba ya cika."

Dariya na yi. Na tsufa ina kai itace Tasawa. Gawo ɗaya ya rage a gonarmu, na kuma wasa gatari. Allah ya sanyaya makwancin Kawu.

Da na ba ta labarin, jikar ta ce, "Tsoho, su sun samu jirgi. Kai me ka samu?"