Hoton Kututturen Ƙirya

Ƙasimu ɗan mahautan Batsari ne, amma ganin jini yana sa shi jiri, don haka tun yana saurayi aka sallama shi. Ya tafi birnin Katsina, ya yi shekara shida yana riƙe wa wani Bayarabe mai hoto ƙyalle, ya dawo gida a 1951 da akwatin hoto mai ƙafa uku.

Aikinsa kawuna ne. Masu neman lasin tuƙi, masu shiga aikin ɗan doka, tsofaffin sojan da aka ce su kawo hoto, duk fuska ake so. Yakan ja akwatin har sai ya kusa taɓa hancin mutum, ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya yi ta murɗe-murɗe sai kowane tsage na kumatu ya fito ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ɗaukar mutum da ƙafafunsa ba. In aka tambaye shi dalili, ya ce ba a gane kowa da ƙafa.

Farkon daminar 1956 wata iska ta taso daga gabas da la'asar, ta bi ta Yasore ta nufi Tsaskiya. Ba ta yi rabin sa'a ba, amma ta kwashe jinkaye, ta kwantar da itatuwan da kakannin kakanni suka tarar. A bakin gandun daji ta karya wata ƙirya daidai ƙugu.

Ƙanen mahaifin Ƙasimu, Ɗantsoho, masassaƙin turmi ne. Ya ga ƙirya kwance, ya hau ta da gatari da gizago, don a lokacin itacen da ya faɗi da kansa ba laifi, mai rai ne aka hana sara. Bayan kwana uku malamin daji ya iso, ya ga gunduwa-gunduwa da saran gatari, ya ce da ranta aka kayar da ita. Ya kwashe kayan aikin tsohon, aka sa ranar Alhamis a gaban alƙali. In laifi ya tabbata, an raba shi da sassaƙa ke nan, kuma bai iya komai ba sai ita.

Ɗantsoho ya je wajen ɗan wansa. "Ƙasimu, ka zo ka ɗauki iccen nan, alƙali shi gani da idonai."

"Baba, fim guda ya rage mini. Motar Katsina sai wani sati."

"Gudan ya isa."

Suka ɗora akwatin a jaki suka tafi. Ƙasimu ya zaga kututturen sau biyu, ya tsaya inda ya karye. Tsinkayen itace sun miƙe tsaye kamar haƙoran mataji, duk sun murɗe gefe guda, jan cikin ƙiryar yana ƙyalli, ga tururuwa na bin wata tsaga. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Ya yi ta jan akwatin gaba.

"Ba ka yi kusa da yawa ba kuwa?" in ji Ɗantsoho.

"Baba, kowa da sana'arsa. Nan ne fuskarta."

Hoton ya fito tas, ana iya ƙirga tsinkayen. Ƙasimu ya ce bai taɓa yin aiki mai kyansa ba, kuma a nan kam bai yi ƙarya ba.

Ranar Alhamis alƙali ya karɓi hoton, ya duba, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya miƙa wa muhuti, mataimakinsa, shi ma ya juya.

"Mene ne wannan?"

"Allah ya gafarta malam, karayar iska ce," in ji Ƙasimu. "Gatari ba ya barin tsinke haka."

"Na ji. Ina itacen?"

Malamin daji ya ce itatuwan da iska ta karya a ƙasar nan sun fi ɗari, wannan zai iya zama kowanne daga cikinsu. Alƙali ya tausaya wa furfura, bai ɗaure Ɗantsoho ba, amma gatari da gizago ba su dawo ba, aka kuma hana shi shiga daji.

A hanyar komawa tsohon bai yi faɗa ba. Ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo, ya ce, "Duk masassaƙin da ya ga wannan ya san iska ce." Daga nan ya sa shi a aljihu. Kafin kaka ya koma zama a rumfar mahauta, yana kore ƙuda daga kan nama.

Ƙasimu ya ji kunyar abin har ransa, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Washegarin shari'ar ya koma bakin gandu shi kaɗai. Ya kafa akwatin inda ya kafa da farko, sannan ya ɗauke shi ya ja da baya taku goma, ya shiga ƙyalle. Ga kututture, ga gangar ƙiryar da saran Ɗantsoho a jiki, ga wasu itatuwa huɗu a bayanta, duk sun kwanta sun fuskanci yamma. Komai ya shiga gilashin, har da sauran wuri. Ya daɗe a ciki yana kallo, akwatin kuwa babu fim.