Ruwan Shuka Ya Same Ni a Otal

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ban da kwana huɗun da na yi a kulle a wani otal a Katsina, shekarar da aka yi ni daliget. Ni manomi ne daga wani ƙauye a yankin Ruma, ban taɓa riƙe ko shugabancin ƙungiyar samari ba. Kawai dai an zo zaɓen fid da gwani na gwamna, mazaɓarmu na neman wanda zai je ya jefa mata ƙuri'a, dattawa suka ce ni na fi kowa iya zama a taro ban yi gyangyaɗi ba. Shi ke nan fa, na zama mutum.

Sai na faɗi yadda muke noma kafin a gane wautata. Gonakinmu na gado suna bakin daji, kuma tun da 'yan bindiga suka addabe mu, ba mai zuwa can shi kaɗai. Ana sa rana ne, gari ya fita gaba ɗaya, 'yan sa-kai na gadi, kafin azahar kowa ya dawo. Shuka tare, noma tare, girbi tare. Wanda ya makara a shuka, geronsa ba zai nuna ranar da na mutane ya nuna ba, kuma ba wanda zai sake raka shi. Ni kuwa gona ɗaya gare mu, ita ke ci da ni da iyalina da mahaifina, tsohon malamin allo wanda ƙafa ta riga ta zaunar.

'Yan takara biyu ne ke neman tikitin jam'iyyarmu. Na farko ya zo Batsari, hedikwatar ƙaramar hukumarmu, da jerin motoci, ya yi jawabi ta lasifika, ya wuce. Na biyun shi ya gama da ni. Ya zo har ƙauyenmu, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma ɗaya da mu, ya gaida tsohona da jiki, wai har ya san ƙafa ce ke damunsa. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, “Ranka ya daɗe, in kuka ba ni tikitin nan na hau, wallahi za ka tafi gonarka kai kaɗai, ka yi la'asar a can.” Ni ake ce wa ranka ya daɗe! Ban san sanda hawaye suka zo mini ba.

Da zaɓe ya matso, mutanensa suka kwashe mu zuwa Katsina, suka zuba mu a otal, suka karɓe wayoyinmu don kada ɗaya ɓangaren ya zuga mu. Da zan fito daga gida, matata ta ce, “Malam, sama fa ta fara nauyi.” Na ɗaga kai kamar wani masani na ce, “Haba, da sauran sati.”

Kwanakin nan kamar a mafarki na yi su. Ɗaki da sanyi, labule fari, abinci na zuwa ba ka san inda aka dafa ba. Ba aikin fari ba na baƙi. Sai in zauna bakin taga in lula duniyar tunani. In ga kaina kan hanyar gona da jaki, ba kowa gabana ba kowa bayana, kamar zamanin ƙuruciya. Matan Fulani na tahowa da ƙoren nono muna tsokanar juna, makiyayi na yin fito daga nesa, shanu na ratsa burtali a natse. In ga na ɗora tsohona a kan jaki na kai shi gindin tsamiyar da ke tsakiyar gonar, yana jan carbi yana kallon gero na kaɗawa. Wallahi har ƙamshin fura nake ji. Duk wannan na ɗauka yana cikin ƙuri'ata guda ɗaya.

Ɗakinmu ɗaya da wani dattijo daga Zakka, ta ƙasar Safana, mutum mai ƙarancin magana. Rana ta biyu da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, aka sheƙe da ruwa. Dattijon ya buɗe taga, ya shaƙi iska, ya bi hadarin da ido. Ya ce, “Wannan gida ya nufa. Ruwan shuka ne, ɗana.” Sai ya hau naɗe kayansa.

Na ce, “Baba, jibi ne fa zaɓen.”

Ya ce, “Danshin ma jibi zai ƙare.”

A bakin ƙofa mai kula da mu ya tare shi, yana ta “Haba Baba, ka rufa mana asiri.” Dattijon ya ce a ba shi wayarsa ko a riƙe, shi dai ya tafi. Ya waiwayo ya dube ni, “Za ka zo?” Ƙafata har ta motsa. Sai na tuna hannun nan da ya riƙe nawa, na tuna la'asar a gindin tsamiya. Na ce a raina, in na tafi aka kayar da mutuminmu da ƙuri'a ɗaya fa? Shukar shekara ɗaya ce zan sayar da zaman lafiyar har abada a kanta? Kai, na ji kaina babba a lokacin nan! Na ce, “Baba, sauka lafiya.”

Ranar zaɓe aka kai mu filin taro tun da hantsi, cikin sababbin shaddoji. Na riƙe katina gam, har ya jiƙe da gumi. Azahar ta yi, ba a fara ba. Aka ce manya suna ciki suna ganawa. Can wajen la'asar sai ga 'yan takarar biyu sun fito hannu cikin hannu suna dariya. Wani ya karɓi lasifika ya ce an yi maslaha, mutuminmu ya janye wa ɗan'uwansa don haɗin kan jam'iyya, waɗanda suka amince su ce eh. Fili ya ɗauka. Ni ban ma san ko na buɗe baki ba. Da aka mayar mini da wayata, kiran matata ne jere, na ranar ruwa da na washegari.

Na isa gida na tarar an yi shuka an gama. Ba wanda na ga laifinsa, kowa da ƙyar ya gama tasa kafin azahar. Na durƙusa gaban tsohona, muka gaisa. Ya ce, “To, wa ka zaɓa mana?”

Na ce, “Ba a yi zaɓe ba, Baba. Sun daidaita.”

Ya ja carbi biyu ko uku. Sannan ya ce, “To, madalla. Sha ruwa.” Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Sai da gari ya fita noman farko na samu na yi shuka, mutane na cire ciyawa ni ina bin sungumi. Geron ya yi kyau kuwa, har ya ba ni tausayi. Ranar girbi, na kowa ya bushe ana ɗaure dammuna, nawa yana tsaye kore shar, ƙwayar ba ta yi ƙwari ba. Na tsaya a tsakiyarsa, iska na kaɗa shi daidai yadda na riƙa gani ta tagar otal. Shugaban 'yan sa-kai ya busa usur, ya ce, “Malam, lokaci.” Na karyo zangarniya kaɗan ta tumu don yara su gasa, na bar wa tsuntsaye sauran. Na yi kuka a hanya, ban ɓoye ba. Shekarar nan ƙwadago na yi a gonakin mutane muka ci.

Ban daina zaɓe ba, ban kuma riƙe kowa a zuci ba. Abin da na koya dai shi ne, rigimar manya a ɗaki take ƙarewa, kuma ko da kai ko ba kai za su gama ta. Aikin da in ba ka yi ba babu mai yi, shi ne naka. Ni na bar nawa na tafi gadin nasu, tsohona ya ci tuwon ƙwadago a shekararsa ta ƙarshe.